Mai Jabun Zane, Mai Cinikin Asiri: Me Ya Haɗa Sana'o'in Nan Biyu A Jikin Bos Ɗaya?

A majalisarmu ta bayan sallar Isha'i a Gwammaja maganar ta taso. Samari uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wani fim mai dogon zango na 'yan sanda, irin na ƙasashen waje da ake tura wa mutane a waya. Bos ɗin fim ɗin ko wuƙa ba ya riƙewa. Dattijo ne mai tsafta da sanyin murya, sana'arsa ya zana hoto ya jingina shi ga wani shahararren mai zane da ya daɗe da mutuwa, ya sayar wa attajirai. In ciniki ya faɗa, sai ya juya kan dillalin da ya shige masa gaba da masanin da ya sa hannu, ya ce ko su riƙa ba shi kuɗi ko ya tona.

Ɗaya daga cikin samarin ya ɗago ya ce da ni, "Kawu, don Allah wannan ba shaci-faɗi ba ne? Wa zai zuba miliyoyin daloli a kan fenti da ƙyalle? Kuma in ya tona musu asiri, ai kansa ya tona."

Tambayoyin nan biyu suna da nauyi, kuma amsarsu ta shafe mu a Kano fiye da yadda yaron ya zata.

Kwaikwayo daban, jabu daban

Kwaikwayon aikin wani ba laifi ba ne. Almajirin da ke koyon rubutun allo hannun malaminsa yake bi, mai ɗinkin hula a Kurmi kuma zanen da ya gani a hular wani yake ɗauka. Haka masu koyon zane a Turai suke zama a gidajen adana kayan tarihi suna kwafar aikin magabata, ba mai ce musu uffan. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka ce wa mai saye "na wane ne", alhali an san ba nasa ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san wannan iyaka. In ɗan kasuwa ya ce maka atamfar nan kwafi ce ga kuɗinta, kun yi ciniki na halal. In ya manna mata tambarin 'yar Holan ya karɓi kuɗin 'yar Holan, ya yi algus.

Wani malamin zane a Ingila, John Myatt, da farko a fili yake tallata cewa yana kwaikwayon aikin manyan masu zane, kowa ya saya ya san abin da ya saya. Ranar da wani abokin cinikinsa, John Drewe, ya fara kai zanen nasa gidajen gwanjo da sunan na asali ne, shi kuma ya karɓi kasonsa ya yi shiru, ranar ya tashi daga mai zane ya koma ɗan damfara. Hannun bai canza ba, fentin bai canza ba. Maganar da aka raka kayan da ita ce ta canza.

Abin da attajirin yake saye

A watan Nuwamba na 2017, a gidan gwanjon Christie's da ke New York, an sayar da wani zane da ake jingina wa Leonardo da Vinci a kan dala miliyan 450. Katakon da aka yi zanen a kai da fentin da ke jikinsa ba su da wata daraja ta a zo a gani. Sunan aka saya, tare da tabbacin cewa hannun mutumin nan da ya rasu a 1519 ya taɓa wannan katako, kuma ba zai sake taɓa wani ba. Har yau ma wasu masana suna jayayya a kan ko shi kaɗai ya zana shi.

To ta yaya ake tabbatar da haka? Hanya uku ce. Akwai idon masani, wanda ya shekara da shekaru yana nazarin hannun mai zanen. Akwai gwajin ɗakin bincike a kan fenti da ƙyalle da katako. Sai ta ukun, wadda ta fi sauran nauyi a kasuwa: salsalar kayan, wato wa ya fara mallakarsa, wa ya saya daga hannunsa, a wane baje koli aka taɓa nuna shi, har ya iso hannun mai sayarwa na yau.

Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Isnadi ke nan. Matani yana iya yin daɗin ji, amma malamai sai sun tambaya wa ya ji daga wa. Kuma kamar yadda masu ƙirƙirar hadisi suka gane cewa sai sun ƙirƙiro masa isnadi kafin ya karɓu, haka manyan masu jabun zane suka gane cewa rabin aikin a takarda yake. John Drewe ya ba gidan adana zane na Tate da ke Landan gudummawar kuɗi, aka amince da shi, aka bar shi yana shiga ɗakin ajiyar takardu. A can ya riƙa cusa hotunan zanen Myatt a cikin tsofaffin kundaye, ta yadda duk mai saye da ya je bincike zai tarar da shaidar da shi Drewe ya dasa. Zane kusan 200 suka fitar ta wannan hanya. A 1999 kotu ta ɗaure Drewe shekara 6, Myatt shekara 1.

A Jamus kuwa, Wolfgang Beltracchi da matarsa Helene cewa suka yi kayan gadon kakanta ne. Don su ƙarfafa labarin, Helene ta yi shiga irin ta matan da, ta zauna a ɗaki da zane-zanen rataye a bango, mijin ya ɗauke ta hoto da tsohuwar kyamara, suka ce ga kakarta nan a zamaninta.

Yadda ake tsufar da sabon abu, da yadda asiri yake tonuwa

Babbar matsalar mai jabu ita ce shekaru. Fentin mai yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bushe ya yi tauri ƙwarai, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Sabon zane in aka goga masa barasa da auduga, fentin sai ya biyo.

Mutumin da ya fi shahara wajen kauce wa wannan shi ne Han van Meegeren, ɗan ƙasar Holan. Masu sharhi sun raina aikinsa, shi kuma ya ƙudurta sai ya kunyata su. Ya zaɓi Johannes Vermeer, wanda ya rasu a 1675 ya bar zane da ba su kai 40 ba. Yakan sayi tsohon zane maras daraja na wancan zamanin, ya kankare fentin ya bar ƙyallen. Ya haɗa launukansa irin na mutanen da, ya gauraya su da wani sinadarin roba mai suna Bakelite, ya gasa zanen a tanda har ya yi tauri. Daga nan ya naɗe ƙyallen don ya tsattsage, ya shafa baƙar tawada a cikin tsagun ta zama kamar ƙurar shekaru. A 1937 babban masanin Vermeer na lokacin, Abraham Bredius, ya duba ɗaya daga cikinsu ya yaba shi matuƙa, aka saya wa gidan tarihi na Boijmans da ke Rotterdam.

Abin da ya tona shi ba masana ba ne. Ɗaya daga cikin zanen nasa ya faɗa hannun Hermann Göring, na hannun daman Hitila. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka kama van Meegeren da zargin sayar wa abokan gaba dukiyar ƙasa, laifin da zai iya kai shi ga kisa. Gudun haka ya ce shi ya zana. Ba a yarda ba sai da ya zana wani sabo a gaban shaidu. A 1947 aka yanke masa shekara 1, ya mutu kafin ya fara zaman.

Beltracchi shi ɗan farin fenti ne ya kayar da shi. Wani zane da ya ce na Heinrich Campendonk ne na 1914, da aka kai shi gwaji sai aka tarar da farin titaniyam a ciki, launin da bai shigo kasuwa ba a wannan shekarar. An kama shi a 2010, a 2011 kotu a Kolon ta ba shi shekara 6.

Tambaya ta biyu: in ya tona, ba kansa ya tona ba?

A nan ya kamata a raba fim da zahiri. Duk waɗannan da na ambata, babu wanda aka ɗaure saboda kisa ko barazanar tona asiri. Yawancinsu mutane ne da suka so a san su a matsayin masu zane, ba su samu ba. Marubutan fim su suke ɗora wa mai jabu rigar mugunta, domin fim ɗin 'yan sanda yana buƙatar gawa da tsoro, kuma mutum zaune yana gauraya fenti ba zai riƙe mai kallo har kashi goma ba.

Amma ba daga iska suka ɗauko haɗin ba. Ku duba wa zai yi asara in gaskiya ta fito. Masanin da ya sa hannu, mutuncinsa na shekara talatin ya zube. Dillali sai ya mayar da kuɗi da la'ada, kuma ba mai sake amincewa da shi. Attajirin da ya saya, abin da ya rataya a falo yana nuna wa baƙi ya zama ƙyalle, shi kuma ya zama abin dariya. Kowannensu ya fi son a ci gaba da cewa zanen na gaske ne. Mai jabun shi ne mafi ƙarancin abin rasawa a cikinsu: ba suna, ba shago, wani lokacin ma ba ya ƙasar. Gidan cinikin zane na Knoedler a New York, wanda aka kafa tun 1846, rufe shi aka yi a 2011 bayan ta bayyana cewa ya shekara da shekaru yana sayar da jabu. Ta hannunsa da hannun wani gidan cinikin zanen daban, masu saye suka zuba kusan dala miliyan 80. Mutumin da ya zana su a gidansa, Pei-Shen Qian, ya koma Sin abinsa. Mafi yawan zanen Myatt kuma har yau ba a tattaro su ba, suna rataye a wani wuri.

Wannan shirun shi ne jarin mai jabu, kuma shi ne dai jarin mai barazanar tona asiri. Dukansu biyu da kunyar wanda suka cuta suke ci. Shi ya sa a ganina marubutan ba su yi kuskure ba da suka zuba su a jiki ɗaya.

Mu da ba ma sayen zanen Turawa

Wani zai ce wannan rigimar masu kuɗin Turai ce. Mu ma muna da kayan da ake saye don tsufansu. Wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai a cikin birni ya taɓa ɗauko mini wata takarda daga cikin gafaka, ya ɗaga ta saitin rana ya ce, "Duba nan, ɗana." A cikin jikin takardar, ba a samanta ba, sai ga jinjirin wata guda uku a jere. Irin takardar da ake yi a Italiya ce, wadda fatake suka riƙa kawowa ta Sahara, malamanmu suka yi rubutu a kanta. Sannan ya ɗauko wata da ta fi waccan ja da alamar tsufa, gefenta duk ya cinye. Ya ɗaga ta, babu komai a ciki. Ya ce in shinshina. Ƙaurin hayaƙi ne. Ya ce wani ne ya kawo masa ita, ya jiƙa ta da ruwan shayi ya rataye a madafi, yana neman ya sayar wa baƙi da sunan rubutun zamanin jihadi. Dattijon ya ajiye ta ne don ya riƙa nuna wa yaransa.

Haka abin yake da gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a wuraren haƙar kuza a 1928. Da suka yi tsada a Turai, jabunsu ya cika kasuwa. Har gwajin gano lokacin da aka gasa yumɓu an nemi a yaudara, ta hanyar harhaɗa gutsattsarin tsoho da sabon aiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da takarda ba. Saboda haka wanda ya sayi gunkin Nok a ɓoye, in ya gano na bogi ne, wurin wa zai kai ƙara? Bakinsa a ɗaure yake tun ranar ciniki, kuma mai sayarwar ya san haka.

Wanda ya fi taɓa talaka kuwa shi ne jabun takarda: takardar fili, shaidar kammala karatu, takardar ɗaukar aiki, alat na banki. Mutum ya sayi shaidar karatu ta bogi ya samu aiki da ita, ya yi aure, ya haihu, ya yi suna a unguwa. Wanda ya buga masa ita yana nan, kuma ya san inda yake aiki. Bos ɗin fim ɗin nan ke nan, sai dai ba a falon attajiri ba.

Inda sana'o'in biyu suka haɗu a cikin waya

A da mai barazana sai ya samu asiri na gaske. Yanzu ƙera shi yake yi. Da hoto ɗaya da yarinya ta sa a Facebook ko TikTok, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ɗora fuskarta a jikin da ba nata ba, ko su kwaikwayi muryar mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Abin da van Meegeren ya shafe shekaru yana gwadawa da tanda, yau yaro zai yi shi a zaune a kan benci. Mai jabu da mai barazana sun zama mutum ɗaya da gaske.

Abin ba ƙarami ba ne. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da alaƙa da karɓar kuɗi ta hanyar barazana da hotunan tsiraici. A watan Satumba na shekarar, wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu 'yan Najeriya shekara 17 da rabi kowanne, bayan wani yaro ɗan shekara 17 da suka matsa wa ya kashe kansa.

A garin da babbar addu'ar mutane ita ce "Allah Ya rufa asiri", wannan makami yana da kaifi biyu. Na san wata yarinya a dangin maƙwabtanmu da aka turo wa irin wannan hoton saura 'yan makonni bikinta. Hoton ƙarya ne, ita ma ta san ƙarya ne. Duk da haka ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta tura kuɗin, domin ta san kafin a tsaya bincike hoton ya zaga gidan surukai. Bayan kwana huɗu ya dawo yana neman ninki. Sai a lokacin ta faɗa wa yayanta, tana kuka tana cewa, "Yaya, wallahi ba ni ba ce." Ya ce, "Na sani. Ba ni wayar."

Dalilin da ya sa biya ba ya kashe maganar a fili yake. A kowane ciniki, in ka biya kayan sun bar hannun mai sayarwa. Asiri kuwa ana sayar maka da shi yana nan a hannunsa. Kuɗin farko abin da yake gaya masa shi ne kana da kuɗi kuma kana jin tsoro.

Masu cewa a hana, da masu cewa a bari

Akwai iyaye da malamai a Kano da ke ganin irin waɗannan fina-finai makarantar koyon laifi ce, kuma tun 2001 jihar take da hukumar tace fina-finai saboda irin wannan damuwa. Wasu kuma suna cewa fim madubi ne, wanda ya ga yadda ake damfara ya fi wuyar damfaruwa.

Ni ban yarda fim yana koya wa mutum jabun zane ba, wannan aiki ne na shekaru da baiwa. Damuwata a wani wuri take: yadda ake ƙawata bos ɗin. Shi ne mai wayo, mai iya magana, mai kyan tufafi, waɗanda ya cuta kuma a nuna su a matsayin mahaɗama da suka cancanci abin da ya same su. A zahiri ma an yi haka. Van Meegeren ya zama gwarzo a idon 'yan ƙasarsa da yawa saboda ya damfari Göring, aka manta cewa 'yan ƙasar tasa ya fara damfara. Myatt da Beltracchi duk sun samu shirye-shiryen talabijin bayan sun fito daga kurkuku. Yaron da ke kallo yana ɗaukar darasi ɗaya, cewa damfara basira ce. Alhali Manzon Allah (SAW), da ya cusa hannu a tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, cewa ya yi wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Bai ware wanda ya yi shi da gwaninta ba.

Abu na biyu da fim yake ɓatarwa shi ne ƙarshen labarin. A fim jami'in bincike yakan kama bos, a ƙone hotunan, asiri ya rufu. A waya ba a ƙone komai.

Abin da doka ta ce, da abin da mutum zai yi

Kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai jabun takarda, da wanda zai iya kai shekara 5 ga mai karɓar dukiya ta hanyar tsoratarwa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haɗa da barazana da tura hotunan batsa ta waya ko kwamfuta. A Musulunci kuma jifan mace mai kamun kai da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba bulala 80 ne, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratun Nur. Masu tura hoton gaba a zaurukan WhatsApp suna cewa "ku gani, Allah Ya shirya" su tuna aya ta 6 ta Suratul Hujurat, wadda ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika.

Wanda aka yi wa barazana kada ya biya, kada ya goge saƙonnin. Ya ɗauki hotonsu, ya adana lambar waya da lambar asusun da aka turo, domin asusun banki yana ɗauke da BVN, kuma ta nan ake bin sawu. Ya faɗa wa mutum ɗaya da ya amince da shi a gida tun ranar farko, sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda. Mai sayen fili kuma kada ya tsaya kan takardar da dillali ya miƙo masa, ya je hukumar filaye da kansa, ya tambayi mai unguwa da maƙwabtan filin wa suka sani da shi, daga hannun wa ya samu.

Yayan yarinyar nan abin da ya yi ke nan. A daren ya ɗauki wayar ya tafi gidan angon, ya nemi mahaifinsa, suka zauna a soro. Ya nuna masa hoton, ya nuna masa na asalin da aka ciro fuskar daga ciki, ranar sunan ɗan yayarta ne, har mayafin da ta yafa ana gani a gefen wuya inda aka yanke. Dattijon ya daɗe yana kallo, ya mayar masa da wayar ya ce a kai ƙara da safe, shi ma zai bi su. Da mai barazanar ya sake kira, yayan ne ya ɗauka, ya gaya masa cewa surukan sun riga sun gani. An ɗaura auren a ranar da aka sa. 'Yan kunnen dai ba su dawo ba.